Zauren Kotu ko Teburin Ofis: Wanne Ya Fi Dacewa da Lauya Mai Larurar ADHD?

Lauyan Najeriya, daga ranar da aka rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli, yana da izinin yin ayyuka biyu da aka raba su a Ingila: yana iya tsayawa gaban alƙali ya kare mutum, yana kuma iya zama a ofis ya tsara yarjejeniya, ya yi wa kamfani rajista, ko ya bi diddigin takardun fili. Saboda haka ba takardar shaida ce take zaɓa masa fanni ba, wurin da ya kama aiki ne yake zaɓa masa, kuma yawancin sababbin lauyoyi sukan shiga duk ƙofar da ta fara buɗuwa. Ga wanda yake fama da larurar ADHD, wato matsalar kasa sarrafa hankali da yawan ƙiriniya da gaggawar aikata abu kafin tunani, wannan zaɓi ya fi ƙarfin a bar wa sa'a, domin ayyukan biyu suna matsa wa ƙwaƙwalwa ne a wurare daban, kuma kowannensu yana hukunta kuskure ta hanyarsa.

Ya kamata a fara da fahimtar abin da larurar take taɓawa. A ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ba a tabbatar wa babba da ita sai an ga alamominta sun fara tun kafin ya cika shekara 12, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, suna kuma kawo cikas na gaske ga rayuwarsa. Ana ƙiyasta cewa kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na manya suna da ita, amma a wani bincike da aka wallafa a 2016 kan lauyoyin Amurka sama da 12,000, kashi 12.5 cikin ɗari ne suka ce sun yi fama da ita. Mu a nan yaron mukan kira shi mai ƙiriniya, idan ya girma mu ce mai shiririta ne ko mai sakaci, alhali ba rashin hankali ko rashin himma ba ne yake damunsa. Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannun mai shi: abin da yake sabo, ko mai gaggawa, ko mai jayayya, yakan tafi da shi har ya manta da abinci, abin da kuwa yake da muhimmanci amma ba shi da armashi yakan gagara farawa ko da mutum ya san abin da jinkirin zai jawo masa. Lokaci ma ba ya jin tafiyarsa kamar sauran mutane, wa'adin da ya rage mako uku da wanda ya rage wata uku duk ɗaya suke a wurinsa, sai ranar ta zo dab.

Wannan ne ya sa shawarar da aka fi bayarwa ita ce irin wannan lauya ya nufi kotu, kuma shawarar tana da tushe. Kotu tana ba da abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta iya samar wa kanta: rana tsayayya, zama da ƙarfe tara na safe, alƙali mai jira, abokin hamayya a gefe, da wanda ake karewa a zaune a baya yana kallo. Titsiye shaida da tambayoyi aiki ne da yake buƙatar saurin tunani, da kama saɓani tsakanin abin da aka faɗa yanzu da abin da aka faɗa ɗazu, da sauya hanya nan take idan amsa ta zo ba yadda aka zata ba, kuma a nan sau da yawa mai wannan larura yakan yi fice. A kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci, inda galibin aikin na baki ne, inda kuma neman beli ko ƙaramar ƙara kan iya tashi da safe a gama da ita kafin azahar, dacewar ta fi fitowa fili.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa aikin kotu tsayuwa ne da magana, rabin hoton kawai ya gani. Tun da Legas ta kawo tsarin gabatar da komai tun farko a ƙa'idojin babbar kotunta na 2004, sauran jihohi kuma suka bi sahu, lauya ba ya shigar da ƙara a babbar kotu sai ya haɗa rubutattun bayanan shaidunsa bisa rantsuwa, da jerin takardun da zai dogara da su, da kwafinsu. Kusan kowane roƙo yana tafiya da rubutaccen jawabi, jawabin ƙarshe ma a rubuce yake, a Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa shari'ar kusan gaba ɗayanta tana cikin takardar hujjoji, wadda mai ɗaukaka ƙara yake da kwana 45 ya shigar bayan an kai kundin shari'ar, wanda ake ƙara kuma kwana 30. Kwana 45 shi ne ainihin irin wa'adin da yake yaudarar mai ADHD, domin yana da tsawon da zai sa a ce da sauran lokaci, amma kundin mai ɗaruruwan shafuka ba ya karantuwa a dare ɗaya. Ga kuma zaman jira: ƙaramin lauya yakan isa da wuri ya zauna sa'o'i ana kiran shari'un manya kafin tasa, daga ƙarshe a ɗage zuwa wata biyu ko uku. Fayil ɗin da aka ɗage haka yakan fita daga kansa ɗungurungum, tare da alkawarin da ya yi wa kotu na shigar da wata takarda cikin kwana bakwai, kuma ba fayil ɗaya yake riƙe da shi ba.

Babban haɗarin wannan fanni shi ne wa'adin da doka ta gindaya. Ɗaukaka ƙara kan hukuncin wucin gadi na babbar kotu kwana 14 ne, kan hukuncin ƙarshe a shari'ar da ba ta laifi ba wata uku ne. Ƙarar da ake kai jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki tana da wata uku a ƙarƙashin dokar da take kare jami'an gwamnati. A shari'un yau da kullum ana iya neman ƙarin lokacin ɗaukaka ƙara, kotuna kuma suna da ƙa'idar cewa ba a ɗora wa mai shari'a laifin lauyansa, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi, ga ɓata lokaci da kuɗi da zubewar mutunci, kuma wannan rangwame ba ya ceton ƙarar da dokar iyakance lokaci ta riga ta kashe. A shari'ar zaɓe babu rangwamen ko kaɗan: sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulki ya ba da kwana 21 a shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, kwana 180 a yanke hukunci, kwana 60 a gama ɗaukaka ƙara, ƙara kan rigimar kafin zaɓe kuma a shigar da ita cikin kwana 14. Abin mamaki shi ne, irin wannan aiki mai zafi yana daga cikin waɗanda mai ADHD ya fi jin daɗinsu, domin gaggawar ba ta barin hankali ya kauce. A ganina yana iya zama gwani a cikin tawagar shari'ar zaɓe, da sharaɗin ba shi ne mai lissafin kwanaki ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika ambatonsa ba. Wanda larurarsa ta fi karkata ga gaggawa yakan katse alƙali, ko ya mayar wa abokin aiki martani da zafi, ko ya yi wa shaida tambayar nan guda ɗaya da ta wuce kima bayan ya riga ya sami amsar da yake so, sai shaidan ya gyara abin da ya ɓata. Magana zarar bunu ce, a kotu kuwa alƙali yana rubuta ta. Wanda ya san wannan ne rauninsa, ya sani cewa zauren kotu zai riƙa fallasa shi a bainar jama'a kowane mako.

Aikin ofis ya bambanta ta kowace fuska. A nan ake tsara yarjejeniyar haya da ta sayar da fili da ta jingina, a yi rajistar kamfanoni a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a binciki asalin takardun fili a ma'aikatar ƙasa, a rubuta wa banki ko kamfani shawara, a riƙe aikin sakataren kamfani. Alherinsa ga mai ADHD shi ne kusan komai daftari ne kafin a sa hannu. Kuskuren da ya yi da safe yana iya gano shi da yamma, ko wani ya gano masa, ba tare da kowa a waje ya sani ba. Ayyukan suna maimaita kansu, don haka ana iya rubuta matakansu sau ɗaya a riƙa bi, ana kuma aiki da samfurin yarjejeniyoyin da ofis ya riga ya tace. Yana iya zaɓar lokacin da kansa ya fi kaifi ya yi aiki mai nauyi, ya rufe ƙofa, ya tashi ya zaga idan zama ya gundure shi, abin da ba zai yiwu ba a gaban alƙali.

Amma inda babu alƙali, babu mai tilasta farawa. Yarjejeniyar da aka ce a kawo ta idan an samu dama tana iya kwana mako uku a kan tebur, lauyan yana ganinta kullum, tana ci masa rai kullum, bai kuma buɗe ta ba. Neman sahalewar gwamna kan sayar da fili ko jinginar da shi, wadda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta, aiki ne na bibiya da yakan ɗauki watanni, babu wata rana guda da za a ce ita ce ranar, sai dai a yi ta komawa ana tambaya, kuma irin wannan bibiya mara armashi ita ce ta farko da take suɓucewa. Sannan fannin ma yana da nasa wa'adin da ba ya ƙara: jinginar da kamfani ya yi dole ne a yi mata rajista cikin kwana 90 bisa dokar kamfanoni ta 2020, in ba haka ba ta rasa ƙarfinta a gaban sauran masu bin bashi ranar da kamfanin ya durƙushe. Kurakuran nan ƙanana ne a ido, lambar fili da aka juya, sunan mai saye da aka bari daga tsohon samfuri, adadin kuɗi da ya bambanta tsakanin alƙaluma da kalmomi, amma sukan kwanta shiru shekaru sannan su tashi lokacin da gyara ya yi wuya.

Idan aka ajiye su gefe da gefe, bambancin da ya fi muhimmanci ba na armashi da gundura ba ne. Kotu tana ba da matsin da yake tayar da mutum, amma kuskurenta na fili ne kuma wani lokaci ba ya gyaruwa. Ofis yana ba da damar gyara, amma ba ya tayar da kowa, kuskurensa kuma ɓoyayye ne. Saboda haka tambayar da lauya zai yi wa kansa ita ce, wane ne ya fi yawa a tarihinsa, kasa farawa ko kasa tsayawa. Hanya mafi sauƙi ta samun amsa ita ce ya zauna ya tuna abubuwa goma na ƙarshe da suka lalace masa, ya duba yadda kowanne ya lalace. Idan galibinsu ayyuka ne da ba wanda ya tsaya a kansu har suka ruɓe, idan kuma shi ne wanda tun a Makarantar Horar da Lauyoyi, a Bagauda ko Bwari ko Yola, ba ya iya karatu sai jarrabawa ta matso sannan ya haɗiye littafi cikin kwana uku, to jikinsa yana amsa matsi daga waje, kuma kotu za ta fi fitar da abin da yake cikinsa. Idan kuwa galibinsu maganganu ne da ya yi nadamarsu, ko hayaniya da jama'a ne suke wargaza masa tunani, alhali yana iya nutsewa cikin takarda sa'o'i idan an bar shi shi kaɗai, to teburin ofis ya fi masa aminci. Watannin da ɗalibi yake yi yana koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi kafin jarrabawar ƙarshe ma'auni ne mai kyau, idan ya tuna wanne ne ya riƙa ɗokin zuwa, wanne ne kuma ya riƙa makara.

Akwai zaɓi na biyu da yake ƙarƙashin na farko, wanda ni nake ganin ya fi shi nauyi: aiki cikin jama'a ko buɗe ofishin kai. Zaman kai yana jan hankalin mai ADHD, domin babu mai yi masa faɗan makara, kuma da yawa sukan yi saurin barin gidan wani saboda saɓani da shugaba. Amma ranar da ya buɗe nasa ofishin, duk ayyukan da wasu suke ɗauke masa a ɓoye sun dawo kansa: kundin ranaku, karɓar takardu, bin bashin kuɗin aiki, biyan kuɗin izinin aiki na shekara kafin 31 ga Maris, da raba kuɗin waɗanda yake wakilta daga nasa a asusu daban kamar yadda ƙa'idojin sana'ar suka tanada. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi yana iya dakatar da lauya ko ya sa a soke sunansa, kuma lissafin da ya cakuɗe saboda shiririta, daga waje kamanninsa ɗaya da wanda aka cakuɗa da gangan. Ma'aikatar Shari'a da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna da tsari da shugabanni da albashi tsayayye, ko da yake a aikin gwamnati fayil yana iya yin barci ba a tambaya ba. Sashen shari'a na banki ko kamfani yana kawo ƙananan tambayoyi iri-iri a rana guda, abin da yake yi wa wasu daɗi, wasu kuma yawan katsewa da taruka su hana su gama komai.

Kowane fanni aka zaɓa, tanadin da yake buƙata daban ne. Lauyan kotu yana buƙatar kundin ranaku guda ɗaya tak, wanda akawu ko sakatare ma yake gani, a rubuta ranar ɗagewa da abin da kotu ta umarta kafin a fita daga harabar, a kuma sa wa kowane wa'adi ranaku biyu, ta gaskiya da wata da ta riga ta da mako guda. Ya ba akawun izinin ya dame shi, ya kuma haƙura idan an dame shi. Tambayoyin da zai yi wa shaida ya rubuta su, ya ja layi a inda zai tsaya. Lauyan ofis kuwa sai ya ƙirƙiri alƙalinsa: kada ya karɓi aiki ba tare da rana ba, kuma ranar ya faɗa wa mutum, domin alkawarin da aka yi wa takarda ba ya cizo kamar wanda aka yi wa shugaba ko wanda ya kawo aikin. Sunaye da lambobi da adadin kuɗi wani ya karanta su da ƙarfi shi yana bin asalin takarda. Lokutan salla suna raba yini gida-gida ba tare da wani agogo na musamman ba, kuma ɗaura aiki ɗaya mai nauyi tsakanin safiya da azahar, a bar saƙonnin WhatsApp na masu shari'a zuwa bayan la'asar, ya fi dogon jerin ayyukan da ba a taɓa kai wa ƙarshensa.

Magani yana iya sauya lissafin, amma ba ya share shi. Ƙa'idojin jinya na Ingila na 2018 sun sa magunguna masu zaburar da ƙwaƙwalwa a sahun farko ga manya, daga cikinsu akwai wanda ake sayarwa da sunan Ritalin, mai aiki na sa'o'i uku zuwa huɗu, da Concerta, mai kaiwa kusan sa'o'i 12. Akwai kuma Strattera, wanda ba ya cikin wannan rukuni, yana kuma ɗaukar makonni kafin a ga tasirinsa. Ritalin da Concerta suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, don haka sai da takardar likita, kuma suna iya rage cin abinci, su hana barci, su ɗaga hawan jini da bugun zuciya. Wanda maganin ya karɓe shi yakan ga zama a kan takarda ya yi sauƙi, abin da yake rage wahalar aikin ofis da rubutun hujjoji, sai dai ƙwaya ba ta shigar da rana a kundi. Tantancewa aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, a asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da na Maiduguri, ko a asibitocin koyarwa, domin rashin barci da damuwa da ciwon fargaba duk suna kwaikwayon alamomin. Lokacin shan magani a watan azumi ma da likita ake tsara shi.

Sanar da shugaba game da larurar kuwa shawara ce ta mutum da kansa. Najeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, amma a ofis mai lauyoyi biyar halin shugaba ya fi tasiri a kan rayuwar yau da kullum, kuma har yanzu duk abin da aka danganta da ƙwaƙwalwa wasu da wata fassara suke jin sa. Galibin abin da ake buƙata ana iya neman sa ba tare da ambaton sunan larura ba: a ba da umarni a rubuce, a sa wa kowane aiki rana, a ba da tebur nesa da ƙofa, a yarda wani ya duba daftari kafin ya fita.

Da za a tambaye ni, ga sabon lauyan da matsalarsa ta fi yawa wajen farawa, zan ce ya shiga aikin kotu a ofishin da yake da akawu na gaske da babban lauya mai duba takardu kafin a shigar, ya fara da shari'un da ake yi da baki kafin ya ɗauki nauyin ɗaukaka ƙara shi kaɗai. Wanda gaggawar harshe da hayaniya suka fi cutarwa ya nemi aikin kamfanoni ko na filaye a ƙarƙashin shugaba mai sa rana yana kuma tambaya idan ta zo. Dukansu biyu su jinkirta buɗe ofishin kansu har sai sun iya biyan albashin mutum ɗaya da zai riƙe kundin ranaku da asusun kuɗi. A ranar ganawar neman aiki kuma, bayan an gama maganar albashi, yana da kyau ya tambayi wane ne yake riƙe da kundin ranakun ofishin, mutum nawa ne suke karanta takarda kafin ta fita, da kuma fayil nawa ƙaramin lauya yake ɗauka a lokaci guda.